Tsohuwar libarbar da na saya, da abin da ba ya cikin farashinta

Na yi watanni ina ɗage wannan rubutu, don na san yadda kalmar bindiga ke sauka a kunnen mutumin Maraɗi ko na Tawa a wannan zamani. Wanda aka kore wa shanu cikin dare, ko aka ɗauke masa ɗan'uwa sai da aka sayar da gona aka fanso shi, ba zai ji daɗin wani yana zaune a Faransa yana ba da labarin bindiga kamar labarin ƙwallo ba. Ina neman afuwarsa tun daga farko. Ban rubuta don in kwaɗaita wa kowa sayen makami ba. Na rubuta ne don wani abu ya faru a gidana wanda nake ganin ya shafi duk mai yaro a hannunsa, uba ne ko malami.

Ni malamin lissafi ne. Na koyar a kolej a Damagaram shekara tara kafin karatu ya kawo ni Faransa, aiki kuma ya zaunar da ni da iyalina a wani ƙaramin gari kusa da Saint-Étienne. Wannan birni na maƙeran bindiga ne tun zamanin da, har a lokacin juyin juya halin Faransa an taɓa canza masa suna zuwa Armeville, wato garin makamai. Wanda ya tashi a gidan maharbi wataƙila zai tuna bindigar nan mai baki ɗaya da ake ce wa Simplex. Kawuna yana da ita, rataye a bangon ɗakinsa, mu yara ko kallonta ba mu cika yi ba don tsoro. Kamfanin Manufrance na wannan birni ne ya ƙera ta.

Wani abokin aikina ne ya ja ni ƙungiyar harbi ta garinmu, ranar da suke buɗe ƙofa ga baƙi. Na je don kada ya ce na ƙi shi. Aka ba ni ƙaramar bindigar iska, aka tsayar da ni mita 10 daga wata takarda mai baƙin da'ira a tsakiya. Sai na ga abin da ban zata ba: hannuna yana rawa, numfashina ba ya cikin ikona. Mutumin da ya yi shekaru yana ce wa ƴan makaranta su natsu, ga shi ya kasa natsuwa ta daƙiƙa biyar. Na koma mako na gaba, na sake komawa. A lokacin ina da aji mai wuya, ina dawowa gida da zafin rai. Awa ɗayan nan ta ranar Asabar ita kaɗai ce kaina ke yin shiru a cikinta. Harbin bara wasa ne da ke cikin gasar Olamfik tun 1896, kuma wanda ya gwada zai gane cewa da kansa yake kokawa.

Bayan shekara guda da bindigar iska, sai na so in matsa zuwa layin mita 25, inda ake harbi da harsashi na gaske. A nan doka ta tare ni. A Faransa ƙaramar bindiga irin wannan tana rukunin da suke kira B, ba a sayenta sai da izinin ofishin perefe. Sai kana da lasisin hukumar harbi ta ƙasa, FFTir, da takardar likita, da amincewar hukumar. Sai ka yi zaman harbi uku a gaban mai sa ido, tsakanin kowane zama da na gaba aƙalla wata biyu. Sai ka nuna shaidar kana da akwatin ƙarfe mai makulli a gida. Ana kuma duba sunanka cikin rajistar waɗanda aka hana riƙe makami. In an ba ka izinin, na shekara biyar ne, sannan ka sabunta. Da farko na ga abin ya yi yawa. Daga baya na gane jiran nan shi ma wani sashe ne na karatun: mai gaggawa da mai fushi ba su cika kaiwa ƙarshensa ba.

Kafin perefe akwai wani izinin da ya fi wuyar samu. Uwargida ƴar yankin Madarunfa ce, kuma danginta sun ɗanɗana abin da na ambata a sama. Ranar da na faɗa mata, ta daɗe ba ta ce kome ba, sannan ta ce: "Malam, mun baro inda ake gudun bindiga, kai kuma za ka kawo mana ita cikin ɗaki da kuɗinka?" Na kai ta filin harbin ta gani da idonta: tsofaffi da mata da matasa, kowa da abin toshe kunne da tabarau, ba mai taɓa bindiga sai an ba da umarni. Ta yarda bisa sharaɗi ɗaya: kome zai zauna cikin akwatin ƙarfe, yara ba za su taɓa cin karo da ko ƙwayar harsashi ba. Na yi alkawari, kuma na yi shi da sauƙin baki.

Kuɗin da na ware yuro 600 ne, wajen jika 390 na sefa. Da wannan ba a sayen sabuwa mai kyau, don haka na nufi tsofaffi. Na kuma zaɓi libarba, wato mai gangar nan da ke juyawa, mai ramukan harsashi shida. Dalilina a lokacin shi ne sauƙi: in ka buɗe gangar gefe, ido ɗaya ya ishe ka ka ga ko akwai harsashi ko babu, kuma wanda ke nesa da kai ma yana gani.

A ƙungiyarmu akwai wani dattijo da ya yi rayuwarsa yana gyaran bindigogi. Shi na riƙa bi da tambaya, shi kuma ya riƙa kashe mini kwaɗayi ɗaya bayan ɗaya.

Wadda kowa ke mafarki a nan ita ce Manurhin MR73, wadda aka fito da ita a Mulhouse a 1973, jandarmomin musamman na GIGN suka yi suna da ita. Ƙarfenta ba ya gajiya. Amma ko tsohuwarta ta ninka abin da ke aljihuna, sai na gaishe ta na wuce.

Ta biyu ta fi taɓa mini zuciya: libarbar sojan Faransa samfurin 1892, ƙirar masana'antar gwamnati ta Saint-Étienne ɗin nan. Siririya ce, aikinta kamar na agogo, gangarta kuma dama take buɗewa, saɓanin yawancin libarba. Na riƙe ta na ji tarihi a hannuna, da daɗinsa da ɗacinsa, don irinta ce hafsoshin mulkin mallaka suka rataya a ƙugu. Dattijon ya tambaye ni: "A bango za ka rataye ta, ko harbi za ka yi da ita?" Harsashinta mai milimita 8 ba a ko'ina ake samunsa ba, in an samu ma da tsada, saitinta kuma ba ya gyaruwa. Kayan masu tara tsofaffin abubuwa ce.

Ta uku Nagant ce ta Rasha, samfurin 1895, mai ramuka bakwai. Tana da araha, tana kuma da wata dabara: in an ɗana ta, gangar takan matso gaba ta toshe tazarar da ke tsakaninta da bututu. Amma kunamarta tana da tauri, sai ka ja kamar mai jan guga, kuma kafin ta tashi saitinka ya gudu.

Ta huɗu ita ta fi kowace araha: kwaikwayon Remington 1858, irin wanda kamfanonin Italiya, Pietta da Uberti, ke ƙerawa. Ana ɗura mata albarushi ta gaban ganga, a danna ƙwallon darma, a sa hula a baya, kusan yadda ƴan bindigar sarki ke yi ranar hawan salla. Doka ma ta sassauta a kanta, baligi yana iya saye ba tare da izinin perefe ba. Sai dai duk ranar da ka yi harbi dole ka wanke ta da ruwan zafi a ranar, in ba haka ba tsatsa ta cinye ta. Kuma hakan yana nufin ajiye gwangwanin albarushi a gida mai yara biyu. Ban ko kai maganar gaban uwargida ba.

Sai aka rage biyu, duka na kamfanin Smith & Wesson na Amurka. Ɗaya Model 10, mai cin harsashin .38 Special, wadda asalinta ya koma 1899, aka ƙera miliyoyinta, ƴan sandan ƙasashe da yawa suka riƙe ta. Tana da yawa a kasuwa, shi ya sa take da sauƙin kuɗi. Ɗayar kuma Model 17, wadda kafin 1957 aka fi sani da K-22, mai cin ɗan ƙaramin harsashin .22, mai dogon bututu inci shida da saitin da ake gyarawa da sukurudireba. Don harbin bara aka yi ta tun asali. A shagon da na je, Model 10 ta fi ta araha da kusan yuro 200.

A nan malamin lissafi ya farka. Kwalin harsashi 50 na .22 yuro 6 na gan shi, na .38 kuma yuro 24. In ina harba kwali ɗaya kowace Asabar, mako 40 a shekara, .22 zai ci mini yuro 240, .38 kuma 960. Bambancin shekara ɗaya kaɗai, yuro 720, ya fi kuɗin bindigar kanta. Mai sauƙin saye ita ce mai tsadar ciyarwa, kamar wanda ya sayi doki da araha bai tambayi kuɗin harawa ba. Ban da haka, .22 ba ya shuri sosai, ƙararsa kaɗan ce, don haka ɗan koyo ba ya koyon runtse ido da fizgar hannu kafin harsashi ya fita. Takarda kuma ba ta san girman abin da ya huda ta ba. Da'irar maki goma a mita 25 faɗinta santimita 5 ne, ko da wane harsashi ka same ta.

Ranar da za mu duba ta, dattijon ya zo da ƴar tocila da gilashin ƙara girma. Abin da ya fara yi shi ne buɗe gangar ya ƙirga ramuka shida ba kome a ciki, duk da mai shagon ya riga ya buɗe ta a gabanmu. Ya ce bindigar da wani ya ce maka babu harsashi a cikinta, tana da harsashi har sai kai ka gani.

Sannan ya nuna mini abin da ake dubawa. Baƙin fentin jikinta ya koɗe a baki da gefen ganga, ya ce wannan ba ciwo ba ne, furfura ce, kuma ita ta rage mana kuɗi. Ciwon yana inda ido ba ya fara zuwa. Ya ɗana gudumar a hankali, a hankali, rami bayan rami har shida, yana kasa kunne: dole a ji gangar ta kulle kafin gudumar ta kai ƙarshe. In ba ta kulle ba, ramin da bututun ba su daidaita ba ke nan, harsashi zai gogi gefe ya watso ɓarɓashin darma ga na kusa da kai. Ya girgiza gangar hagu da dama, gaba da baya, ya ce ɗan motsi kaɗan ba laifi, amma in tana ƙwanƙwasa a bar ta. Ya ɗaga ta wajen haske ya dubi tazarar da ke tsakanin ganga da bututu, wadda bai kamata ta wuce kaurin takarda ɗaya ko biyu ba. Ya haska cikin bututun: tsagogin da ke murɗa harsashi su kasance da kaifi, ba ramukan tsatsa, ba wani baƙin zobe da ke nuna an taɓa harbi alhali wani abu ya toshe ciki. Ya ɗana ta ya tura gudumar da babban yatsa; da ta faɗi da kanta, da mun san wani ya goge kunamar har ta zama haɗari. Ya dubi bakin ramukan ganga, don .22 a gefensa ake bugunsa, kuma yawan harba ta ba harsashi yakan iya lotsa wurin. Daga ƙarshe ya dubi kawunan kusoshi. Ya ce in ka ga sun tauye, wanda bai iya ba ya shiga cikinta.

Ta ci jarrabawa. Na biya yuro 580. Akwatin ƙarfen da na kafe a bango, da makullin kunama na tafiya, da abin toshe kunne, da kuɗin lasisi, suka ci kusan rabin haka kuma. Na yi lissafi na ce yanzu na san cikakken farashinta. Ashe saura.

Wata na biyar da sayenta, wata Asabar, harsashi ɗaya ya ƙi tashi. Hakan yakan faru da .22. Na yi abin da aka koya mini: na bar bakin bindiga yana kallon gaba, na jira, sannan na buɗe na cire shi. Akwai gwangwanin da ake jefa irinsu a filin. Ina shirin zuwa wurinsa wani ya yi mini magana, sai na zura shi a aljihun rigar sanyi da niyyar in jefa in na gama. Na dawo gida, na sa bindiga a akwati, na kulle, na rataye rigar a bayan ƙofa, zuciyata fari tas.

Washegari da hantsi ina gyaran takardun ƴan aji, uwargida ta shigo riƙe da hannun ƴarmu mai shekara huɗu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta buɗe tafin hannunta ta ajiye abin a kan takardun. Yarinyar tana neman alewa a aljihuna ne, inda na saba ɓoye mata, ta samo wani abu mai ƙyalli wanda tsawonsa bai kai rabin ɗan yatsana ba. A bakinta uwar ta same shi.

"Malam, ka ce mini kome yana cikin akwati."

Ban sami abin cewa ba. Ina iya yi mata bayanin cewa harsashi ba ya tashi don an tsotse shi. Amma kansa darma ce, darma kuwa guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro. Tana iya haɗiye shi ya shaƙe ta. Wanta mai shekara goma sha ɗaya yana iya samunsa ya kai makaranta don ya burge abokai, ko ya gwada buga shi da dutse, ko ya jefa a wuta ya ga abin da zai faru, kamar yadda ni ma da na yi a shekarunsa. Mun kira likita, ya yi tambayoyinsa, Allah ya kiyaye ba abin da ya same ta. Amma ni na san abin da ya karye a gidan ranar nan. Perefe ya yarda da ni, hukuma ta yarda da ni, na bi dokar ƙasa ɗaya bayan ɗaya, sai na faɗi a alkawarin da na yi wa matata, ta hanyar aljihu.

Na ce mata zan sayar. Ta yi kwana biyu ba ta amsa ba. A na uku ta ce: "In ka sayar don kunya, ba ka koyi kome ba. Kai ba malamin lissafi ba ne? Ka riƙa ƙirgawa."

A nan ne zaɓin libarba ya yi mini ranar da ban hango ba lokacin saye. Bindiga mai sarrafa kanta tana tofar da kwanson harsashi ya watse a ƙasa ya gauraya da na maƙwabta. Libarba kuwa tana riƙe kwansonta a cikin ganga har sai ka zazzage su a tafin hannunka. Don haka ana iya ƙirga su. Yanzu duk Asabar ina fita da 50, a gabanta nake ƙirgawa. In na gama, ina jera kwanso a cikin ramukan kwalin da suka fito. In rami ɗaya ya zauna ba kome, ba na barin filin sai na san inda nasa ya shiga, in kuma ya tafi gwangwani ina rubutawa. Rigar harbi ta daina shiga ɗaki. Ina wanke hannu da sabulu kafin in taɓa yaro ko abinci. Makulli yana jikina, ba a ƙarƙashin matashi ba, ba a saman kabad ba, don duk wurin da uba yake ganin ɓoyayye ne, ɗansa ya riga ya san shi.

Babban yaron kuma na daina ɓoye masa. Na lura ɓoyon ne ke ƙara masa kwaɗayi. Na zaunar da shi, uwarsa tana wurin, na buɗe gangar muka ƙirga ramuka shida tare, na bar shi ya ji nauyinta, fiye da kilo guda. Ya ce: "Baba, ashe ba kamar ta fim ba ce." Na koya masa abu uku, na sa ya maimaita kamar hadda: in ka ga bindiga ko harsashi a ko'ina, kada ka taɓa, ka bar wurin, ka faɗa wa babba. Na ƙara masa da cewa duk wanda ya nuna maka bakin bindiga da sunan wasa, ko ya rantse babu kome a ciki, ka tashi ka bar masa wurin.

Na san yawancin masu karanta wannan ba za su taɓa tsayawa a layin mita 25 ba, kuma ba su yi asarar kome ba. Amma a garuruwanmu akwai gidajen soja da jandarma da ƴan sanda da maharba, kuma a cikinsu akwai yara masu laluben aljihu. Akwai gidajen da ba bindiga, amma akwai maganin ƙwari a kwalbar lemo, da fetur a bayan ƙofa, da ƙwayoyin kaka a kan taga. Duk wanda ya ajiye su ya yi irin alkawarin da na yi, kuma ya yi shi da sauƙin baki. Malamai ƴan'uwana, minti biyar a ƙarshen darasi sun isa a koya wa aji abubuwa ukun nan. A yankunan da aka yi artabu, yaro mai kiwo ko mai neman itace yana iya tsintar abin da bai san shi ba, kuma gara ya fara jin labarinsa daga bakinku.

Asabar da ta wuce, da na dawo, yaron ne ya karɓi kwalin ya ƙirga. Ya kai 49 ya tsaya, ya ɗago kai ya dube ni. Na miƙa masa ƴar takardar da na rubuta cewa ɗaya ya ƙi tashi, yana cikin gwangwanin filin. Ya karanta, ya kai wa uwarsa, ita ma ta karanta, sannan aka zuba abinci.

Allah ya tsare mana zuri'a, ya kawo zaman lafiya a ƙasarmu.